Ranar ajiye aiki a rubuce take tun ranar kama shi

Duk ma'aikacin gwamnati a Gombe, ko a sakatariyar jiha yake, ko a ƙaramar hukumar Dukku, ko a wani ofishin tarayya, zai iya ɗaukar biro yau ya rubuta ranar da zai ajiye aiki. Ƙa'idar a fili take: shekara 60 da haihuwa ko shekara 35 da kama aiki, duk wadda ta riga zuwa. Wanda ya kama aiki yana ɗan shekara 22 zai tafi gida yana da 57. Wanda ya kama yana da 30 zai tafi a 60, da shekara 30 kacal a bakin aiki. Malaman makaranta suna da dokar tarayya ta 2022 da ta kai su shekara 65 ko shekara 40 ta aiki, sai dai kowane malami ya tabbatar an fara aiki da ita a inda yake karɓar albashi kafin ya ɗora lissafinsa a kai.

Ajali ne kaɗai ba a san ranarsa ba. Ritaya kuwa an santa, amma sai ka ga ta zo wa mutum kamar ruwan bazara, babu gida nasa na kansa, ga 'ya'ya a sakandare, ga hawan jinin da bai taɓa aunawa ba. Shawarata ita ce mutum ya rubuta wannan rana a takarda, ya riƙa lissafi daga can yana dawowa baya, domin kusan duk abin da ke gyara ritaya a shekaru goma zuwa goma sha biyar na ƙarshe ake yin sa, lokacin da albashi yake shigowa kuma jiki yake da sauran ƙarfi.

A fara da takardu, domin su ne suka fi arha, kuma su ne suka fi jawo wahala. Ranar haihuwar da ke fayil ɗinka na ofis, da wadda ke kan NIN, da ta BVN, da wadda kamfanin fanshonka yake riƙe da ita, dole su zama ɗaya. Haka ma suna. Muhammad a nan, Mohammed a can, Muhammadu a wata takardar, wannan kaɗai ya isa ya tsayar da biyan mutum wata da watanni. Gyaran yana da sauƙi kana ofis, ana ganin fuskarka kullum. Bayan ka tafi kuwa, sai ka koma mai zaman benci a ƙofar waɗanda kai ka koya wa aiki. Ka haɗa takardar ɗaukar aiki, da ta tabbatarwa, da ta kowane ƙarin girma, da takardar haihuwa ko ta rantsuwar shekaru, da takardun albashi na watannin baya, ka yi musu kwafi biyu, ka ɗauki hotonsu a waya, ka ajiye kwafi ɗaya a wani gidan da ba naka ba saboda gobara da gara.

Daga nan sai ka san tsarin da kake ciki. Ma'aikatan tarayya da na kamfanoni suna ƙarƙashin tsarin fansho na karo-karo da aka kafa a 2004, aka sake dokarsa a 2014. A wannan doka ma'aikaci yana zuba aƙalla kashi 8 cikin ɗari, wanda ya ɗauke shi aiki kuma aƙalla kashi 10, ana lissafawa a kan ainihin albashi da kuɗin gida da na sufuri. Idan waɗannan ukun sun tashi naira 120,000 a wata, za a cire maka 9,600, a ƙara maka 12,000, jimla 21,600 ke nan a wata, 259,200 a shekara. Dubi wannan adadi da kyau. Ko da ribar da kamfanin fansho zai samo a kai, ba kuɗin da zai riƙe gida mai mutum goma har shekara ashirin ba ne. Fansho ƙafa ɗaya ce ta murhu, kuma tukunya ba ta zama a kan dutse ɗaya.

Ma'aikatan jiha da na ƙananan hukumomi kuwa, dokar jiharsu ce ke tafiyar da su, kuma ba sabon labari ba ne a jihohi da dama mutum ya yi shekaru yana jiran giratuti. Saboda haka wanda yake wannan layi kada ya rataya ginin gida ko auren 'ya a kan kuɗin da bai san ranar fitarsa ba. Idan ya fito, alhamdu lillahi, ƙari ne.

Ga mai asusun fansho na karo-karo, akwai abubuwan da ya kamata su zama masa jiki. Doka ta ce a tura kuɗin cikin kwana bakwai na aiki bayan biyan albashi, amma cirewa a takardar albashi daban, shiga asusu daban. Ka riƙa duba bayanin asusunka duk wata uku, ka ƙirga watanni. In ka ga giɓi, ka rubuta wa ofishinku da kamfanin fanshon, in ba a gyara ba ka kai kuka hukumar PenCom mai kula da harkar fansho ta ƙasa. Giɓin wata shida da aka gano a shekararsa ana iya cike shi, amma na shekara goma da suka wuce, bayan akanta ya canja sau uku, sai an sha wuya. Tun watan Nuwamba na 2020 ma'aikaci yana da damar sauya kamfanin fansho sau ɗaya a shekara idan bai gamsu da wanda yake ciki ba. Kuɗin ma rukuni-rukuni ake juya su: wanda bai kai 50 ba yana rukuni na biyu in bai zaɓi wani ba, daga 50 a mayar da shi na uku inda kasada ta fi ƙanƙanta, 'yan ritaya kuma suna na huɗu. Wanda zuciyarsa ba ta kwanta da kuɗin ruwa ba, akwai rukuni na shida da ake juyawa bisa tsarin da babu riba ta ruwa a ciki, kuma ba a kai mutum can sai ya nema da kansa a rubuce. Mutane da yawa a nan suna ƙorafin ruwa a fansho alhali ba su san ƙofar tana buɗe ba.

Doka ta yarda wanda ya rasa aiki kafin ya kai 50, ya kuma yi wata huɗu bai sami wani ba, ya ciri kashi 25 na abin da ke asusunsa. Wannan rahama ce ga mai tsananin buƙata, amma kuɗin da aka cira a shekara 38 shi ne wanda da zai fi kowane hayayyafa kafin tsufa.

Babbar shawara tana zuwa ranar tafiya. Za a ba ka wani kaso a dunƙule, gwargwadon abin da zai bar saura da zai iya biyanka wata-wata, sannan ka zaɓi ɗaya cikin hanya biyu. Ko dai kuɗin su zauna a kamfanin fansho yana ci gaba da juya su yana biyanka duk wata, in ka rasu abin da ya rage ya koma ga magada. Ko kuma a miƙa su ga kamfanin inshora ya ɗauki alkawarin biyanka har ƙarshen rai. Wannan ta biyun tana da lamunin shekara goma: in mutum ya rasu a cikinsu, magada za su karɓi cikon shekarun, in kuwa ya wuce goma kafin ya rasu, babu abin da ya rage musu. Wanda ya fara da ta farko zai iya komawa ta biyu daga baya, amma wanda ya shiga ta inshora ba ya dawowa. Don haka kada wani wakili ya sa ka sa hannu a tsaye a farfajiyar ofis. Ka karɓi lissafin kowanne a rubuce, ka je gida da shi, ka kwana a kai, mai damuwa da hukuncin shari'a kuma ya tambayi malamin da ya san harkar kuɗi. A sani kuma, sunan da ka rubuta a matsayin makusanci ba shi ke mayar da mutum magaji ba. Bayan rasuwa sai an kawo takardar kotu kafin a saki kuɗin, saboda haka iyali su san sunan kamfanin da lambar asusun tun kana raye.

Tela a Jekadafari, da mai sayar da hatsi a Tudun Hatsi, da direban da ke jigila tsakanin Gombe da Kumo, su ma ba a bar su a baya ba. Tun 2019 aka buɗe tsarin fansho na masu sana'ar kansu, inda mutum zai riƙa zuba abin da ya sawwaƙa, kullum ko mako-mako ko wata-wata. Mai sana'ar hannu ma ya fi ma'aikaci buƙatar tanadi, domin shi ranar da ido ko baya ya gaza, ranar ce kuɗi ke daina shigowa.

Yanzu ga tanadin da mutum zai yi da hannunsa. Abu na farko shi ne kuɗin tsallake rami, wato tsakanin albashin ƙarshe da fanshon farko. Wannan tazara tana iya zama wata uku, tana iya wuce shekara. Ka lissafa abin da gidanka ke ci a wata, abinci da wuta da ruwa da magani da kuɗin makaranta, ka ninka sau goma sha biyu. In gidan yana cin naira 150,000, kana neman miliyan 1 da dubu 800. Da yawa ne in aka kalle shi a dunƙule, amma a shekara biyar naira 30,000 ne a wata. Wanda ba shi da wannan kuɗi shi ne yake sayar da fili a rabin farashi, ko ya ci bashin da zai cinye dunƙulen tun kafin ya zo.

Sai dai ajiyar tsabar kuɗi tana da ɓarawon da ba ya fasa ƙofa. Bayan cire tallafin mai a watan Mayun 2023, hauhawar farashi ta haura kashi 34 cikin ɗari a ƙarshen 2024, kuma kowace uwar gida ta ga haka a kwanon awo. Ko a kashi 20 a shekara, farashi yana ninkawa cikin ƙasa da shekara huɗu, naira miliyan ɗaya da aka ajiye a ƙarƙashin katifa kuma bayan shekara biyar abin da 400,000 ke saye yau za ta saya. Don haka kuɗin da za a buƙata nan kusa ne kawai ake bari a banki, inda hukumar NDIC take lamunce wa mai ajiya har naira miliyan 5 a bankin kasuwanci in bankin ya durƙushe. Sauran a sa su inda za su yi motsi. Gwamnatin tarayya tana sayar da takardun lamuni na ƙananan masu ajiya daga naira 5,000, na shekara biyu ko uku. Ga mai gudun ruwa akwai Sukuk, takardar zuba jari bisa tsarin Musulunci, wanda gwamnatin tarayya ta fara fitarwa a 2017 don gina hanyoyi, ana shiga da naira 10,000, ana biyan kuɗin haya sau biyu a shekara. Adashi yana da amfani wajen tilasta wa mutum tarawa, amma ba ya haihuwa, wanda ya kwashi na ƙarshe ma kuɗinsa sun rage daraja. In ka kwasa, ka mayar da shi kadara a makon, kafin biki ya ji labari.

Duk wanda ya ce zai ba ka ribar kashi 20 ko 30 a wata, kuɗin wani zai ba ka, ranar da sababbin shiga suka ƙare kuma naka ne zai tafi. MMM ta rufe da kuɗin mutane a Disambar 2016, CBEX ta yi haka a Afrilun 2025, kuma 'yan ritaya masu dunƙulen kuɗi a hannu su ne naman da irin waɗannan suka fi farauta. Kafin ka ba kowane kamfani kuɗinka ya juya, ka tabbatar yana da rajista da hukumar SEC mai kula da kasuwar hannun jari da zuba jari.

Gida shi ne babban fansho. Wanda ya ajiye aiki yana cikin gidansa, ko ɗaki uku ne a Tumfure ba filasta, ya fi wanda yake gidan haya mai tayil. Kuskuren da ake yawan yi shi ne zana gidan da ya fi ƙarfin albashi, a zuba harsashin ɗaki takwas, a kai linta, kuɗi su ƙare, damina biyar ta wuce a kan bulo. A gina ɓangare ɗaya a rufa shi a shiga, sauran ya biyo baya. Fili kuma a bincika shi a hukumar GOGIS mai kula da filaye a jihar Gombe kafin a biya, a yi takarda da shaidu, domin rigimar fili a kotu tana cin shekarun da tsoho ba shi da su.

Sana'ar bayan ritaya ita ce inda dunƙulen kuɗi ya fi mutuwa. Mutum ya yi shekara 35 yana rubuta fayil, ranar da kuɗi suka shigo sai ya sayi kaji dubu, ko Keke Napep uku ya raba wa yara, bai san farashin buhun abincin kaji ba, bai san wata nawa inji ke yi kafin ya nemi gyara ba. Sana'a ana fara ta ne shekara biyar kafin tafiya, da ƙaramin jari, a yi asarar koyo tun albashi yana iya rufe ta. Mai son kiwo ya fara da raguna uku ko huɗu, ya saya wata uku zuwa huɗu kafin Babbar Sallah, ya ba su maganin tsutsa da allurar rigakafi a makon farko, ya tanadi harawa da ƙaiƙayi da dusa tun kaka lokacin da suke da arha, ya rubuta kowace naira a littafi. Yawancin asarar kiwo daga sayen abinci a tsakiyar rani take zuwa. Mai son noman rani a Dadin Kowa ya fara da abin da zai iya zagayawa da ƙafarsa, domin gonar da ake nomawa ta waya ta mai gadi ce. Ajiyar hatsi ma ba kullum take riba ba: waɗanda suka saya da tsada suka ɓoye sun ga yadda farashin masara ya faɗo a 2025. Wake kuma in ba a busar da shi sosai an zuba a buhu mai leda biyu an ɗaure kowace leda daban ba, ƙwari za su riga ka.

Akwai lissafin da ba a son yi a fili, amma yin sa ya fi. Yaron da aka haifa uba yana da 48 zai kasance ɗan shekara 12 ranar da uban ya ajiye aiki a 60, kuma zai gama jami'a uban yana kusan 70. Arziki na Allah ne, babu musu, amma wanda ya san haka zai ware wa karatun wannan yaro wani abu tun yau, ya kuma koya wa manyan sana'a don su tsaya da ƙafarsu kafin albashi ya yanke. Bashin banki da ake cirewa daga albashi kuma a tsara shi ya ƙare aƙalla shekara biyu kafin tafiya.

Duk wannan tanadi ciwo ɗaya yana iya share shi. Wankin ƙoda sau biyu ko uku ake yi a mako, shanyewar ɓarin jiki kuma tana kwantar da mutum ta kuma zaunar da mai jinyarsa. Mafi yawan waɗannan daga hawan jini da ciwon suga suke tasowa, su kuwa shekaru suke yi suna ɓarna ba tare da ciwon kai ko jiri ba. Daga shekara 40 a riƙa auna jini aƙalla sau biyu a shekara. A zauna minti biyar tukuna, baya a jingine, hannu a kan tebur daidai ƙirji, ba a ci goro ko an sha kofi ko taba ba cikin rabin awa. In awo ya kai 140 bisa 90 ko ya wuce a ranaku daban-daban, a ga likita. Suga kuma da safe ake aunawa kafin a ci komai: 126 zuwa sama a awo biyu ciwon suga ne, tsakanin 100 da 125 gargaɗi ne, kuma a wannan matakin rage tumbi da tafiyar ƙafa suna iya mayar da shi baya.

Babban haɗari na farko ga mai hawan jini ko suga shi ne ajiye magani. Mutum ya sha na wata biyu, awo ya sauka, ya ce ya warke. Maganin ne ya saukar da shi, ranar da aka daina kuma zai koma inda yake. Na biyu shi ne magungunan ciwon jiki irin su diclofenac da ibuprofen da ake saye a kemis ana sha kullum saboda gwiwa ko baya, da haɗe-haɗen gargajiya da ba a san abin da ke ciki ba. Suna cin ƙoda da ciki a hankali, musamman ga mai hawan jini. Mai ciwon suga da ke son yin azumi ya ga likitansa tun Sha'aban don a gyara masa lokutan magani.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce gishirin da babba zai ci a yini kada ya kai giram 5, kusan ƙaramin cokalin shayi ɗaya, kuma a cikin lissafin har da na magi, da kanwa, da yajin tsire. Ta kuma ce minti 150 na motsa jiki a mako, wato tafiya mai ɗan sauri ta rabin awa kwana biyar. A zafin Maris da Afrilu na Gombe, bayan sallar asuba ne lokacinta. Shayi mai cokali huɗu na suga da lemon kwalba a ofis kullum su ne abin da za a fara ragewa. A yi gwajin ciwon hanta nau'in B sau ɗaya, in babu a yi rigakafi. A duba ido duk shekara biyu, domin hawan jinin ido yana cinye gani daga gefe ba tare da zafi ba, abin da ya tafi kuma ba ya dawowa. Mata su riƙa duba mama, su je gwajin bakin mahaifa. Namijin da ya haura 50 ya ga fitsari yana masa wuya ko yana tashinsa sau da yawa da dare, kada kunya ta hana shi faɗa wa likita.

Inshorar lafiya ta zama wajibi a dokar tarayya ta 2022, kuma jihar Gombe tana da hukumarta, GoHealth. Tambayar da ma'aikaci zai yi tun da sauran shekara guda ita ce: ranar da sunana ya fita daga takardar albashi, katina zai ci gaba da aiki? In amsar a'a ce, ya tambayi nawa ake biya a shekara don shiga da kansa, shi da matarsa, ya sa wannan kuɗi cikin lissafin tsallake rami, ya kuma nemi jerin abin da inshorar take ɗauka da wanda ba ta ɗauka.

Aikin kansa ma yana buƙatar linzami a shekarun ƙarshe. Hutun shekara haƙƙi ne, a karɓe shi, a yi amfani da shi wajen gwajin asibiti da zagaya gona da gyaran takardu. Wanda ya kai matakin sa hannu a kan kuɗin gwamnati ya ƙara taka-tsantsan, domin tuhumar da ta taso a shekarar ƙarshe tana iya riƙe haƙƙoƙinsa gaba ɗaya. Idan saura wata shida, a sanar da kamfanin fansho a karɓi jerin takardun da suke buƙata. Idan saura wata uku, a miƙa takardar sanarwar ajiye aiki, a karɓi kwafin da aka buga wa hatimi da kwanan wata, a kuma fara miƙa kayan ofis da rubutaccen bayani ga wanda zai gaji kujerar.